Gefen da Gapsu ya Datse

Duk wanda ya taɓa shiga zauren ƙungiyar masunta a Dalpo, garin nan na bakin teku, ya san hoton nan da ke rataye sama da tukunyar shayi. Ƙaramin jirgin katako ne, goshinsa ya cinye rabin takardar, fentinsa ya ɓaɓɓare, tsatsa ta tsiyayo daga kan kowace ƙusa ta ja layi har ƙasa. In ka matsa kusa sai ka ji kamar ka sa farce ka ɓare fentin. Ba kowa a cikin jirgin. A ƙasa an rubuta sunan hoton, "Ya Dawo Shi Kaɗai", sannan sunan wanda ya ɗauka, Pyo Gapsu.

Jirgin na Ok Chilbok ne. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da ya fita kamun kifi wata safiya a farkon sanyi. Bayan kwana biyu aka tsinci jirgin yana lilo a kan ruwa, inji a kashe, kwanon abincinsa a rufe ko taɓa shi bai yi ba. Aka jawo jirgin gida. Shi kuwa ko takalminsa teku ba ta mayar ba. Da hoton ya ci gasa a babban birnin lardi, kowa a garin ya ɗauka bayan an jawo jirgin ne Gapsu ya je ya tsaya da hawayensa ya ɗauka. Gapsu bai ce haka aka yi ba, bai kuma ce ba haka aka yi ba. Hoton nan ne ya fid da sunansa, ya raba shi da dakon ƙanƙara a bakin ruwa, har ya buɗe shagonsa a kan tudu.

Yanzu shekarunsa saba'in da uku, kuma ciniki ɗaya ne waya ba ta ƙwace masa ba. Tsofaffin garin kan hau tudun a ɗauke su hoton da za a ajiye gaban akwatin gawarsu, tun suna da sauran haƙora. Ya iya aikin kuwa. Ya goge tamoji, ya cike giɓi, ya sa wa mutumin da bai taɓa rabuwa da rigar roba ba kwat mai kyau. Mamatan Dalpo duk sun fi kyau a hoto, kowa ya san wannan.

Wata rana da hantsi ya ji ƙarar tayoyi a kan tsakuwa. Bang Malsun ce, matar Chilbok, tana tura tsohon keken jarirai da take dogarawa, tana haki.

"Kai, mai hoto! Ka mutu ne ko kana ciki?"

"Ina ciki, matar yaya. Mutuwar ta zo gindin tudun nan ta ce gwiwarta ba za ta iya ba."

Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma tun suna yara yaya yake ce wa Chilbok, sunan kuwa ya bi matarsa. Ya jawo mata kujera, ya zuba mata shayin sha'ir.

"Naki kika zo a ɗauka? Zauna da kyau in rage miki shekara ashirin."

"Rage wa kanka, ga ka nan kamar busasshen kifin bara. Ni ba nawa na zo nema ba."

Ta riƙe kofin da hannu biyu ba ta sha ba. Ta ce ƙarshen wata 'yarta Miran za ta zo ta ɗauke ta zuwa Daegu, an gama magana. Likita ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuma yana haɗa kayansa. Sauran kwana tara ranar tunawa da Chilbok, kuma wannan ne karo na ƙarshe da za ta shirya masa teburin abincin mamaci a garinsa, kamar yadda al'adarsu take, da shinkafa da miya da kifi da kofin giya. Tun shekarar da guguwa ta tura teku cikin gidajen bakin ruwa ta kwashe mata kaya, har da hoton aurensu, a takarda take rubuta sunansa ta jingina a kan teburin a madadin hoto.

"Takarda ba ta dame ni ba," in ji ta, "don da ina rufe ido nake ganinsa. Shekaranjiya na kwanta ina neman fuskarsa. Na samu hula, na samu kunnuwa. Tsakiyar babu, Gapsu. Kamar an shafe da tsumma."

Gapsu ya ce tsufa ne, shi ma haka yake yi da fuskar uwarsa.

"Ba jaje na zo ka yi min ba. Wanda ka yanke nake so."

"Wane wanda na yanke?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Shekara nawa ina ɗaure jirgi? Turke a ƙasa yake, igiya ƙasa take yi. Igiyar hotonka ta miƙe ta yi sama, ta fita ta gefen dama, daidai ƙirjin mutum. Wa ke riƙe da ita, aljani? Kuma ranar ya shigo gida yana washe baki, wai Gapsu ya ɗauke ni yau, za ki ga mijinki kamar ɗan fim."

Masunta ɗari sun sha shayi a ƙarƙashin hoton nan, ba wanda ya taɓa kallon igiyar.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da aka rataya shi."

"Ba ki ce komai ba."

"In ce me? Matarka da goyo, kai kana dakon ƙanƙara, ga abinci ya zo maka. A lokacin kuma ina da nawa hoton a gida. Bayan ambaliya na hau tudun nan sau biyu, ina zuwa ƙofa sai in ji kunyar ba ka kunya, in koma. Yanzu ido ya ƙare, kunyar ma ta ƙare." Ta kurɓi shayin. "Yana nan, ko ka jefar?"

"Ban taɓa jefar da fim ɗin kamara ba."

"To, kwana tara."

Da ta tafi ya daɗe zaune. Ya tuna safiyar tar, kamar jiya. Yana da shekara talatin da biyu, da tsohuwar kamara da ya saya hannun wani matuƙin jirgi. Wani malami daga ƙungiyar masu hoto ta birni ya taɓa gaya masa cewa alƙalan gasa ba sa son hoton mutum yana murmushi, wannan na biki ne. Abin da suke so shi ne jikin abu, tsagar katako, tsatsa, fenti mai ɓarewa, abin da ido zai ji kamar ya taɓa. Shi ya sa ya fito da sassafe, lokacin da haske ke zuwa a kaikaice yana tona kowane rami a jikin katako. Jirgin Chilbok ya fi kowane jirgi tsufa a tashar, amma ruwa na janye shi daga gaɓa.

"Yaya, jawo min shi kaɗan. Riƙe haka. Kada ka motsa."

Chilbok ya naɗe igiyar a hannu ya ja, yana cewa, "Kai, ɗan banza, ga mai jirgi a tsaye kana ɗaukar tsatsa? In ka gama sai ka aure ta."

A ranar ya wanke fim ɗin. Ya haska shi a kan allo, ya ga Chilbok a gefen dama yana ɓata masa tsari. Ya sa yatsa ya turo ƙarfen datsewa daga dama, a hankali, kafaɗa ta tafi, hannu ya tafi, saura jirgi. Nan take hoton ya zauna. Ya ce a ransa zai buga wa yaya nasa daban in ya samu takarda. Kwana huɗu bayan nan Chilbok ya fita bai dawo ba. Sunan hoton ma ba Gapsu ya raɗa ba, malamin nan ne, da ya ji labarin jirgin. Gapsu dai ya yi shiru, shirun kuma ya yi ta tsufa tare da shi.

Fim ɗin na cikin gwangwanin biskit, a ambulan da ba rubutu. Washegari da safe ya share ƙurar ɗakin duhu, ya haɗa ruwan wanki, ya sa fim a injin faɗaɗa hoto, ya buɗe ƙarafan datsewa guda huɗu har ƙarshe. Rabonsa da ganin hoton cikakke tun wancan lokacin.

Ga Chilbok nan a tsaye. Amma hasken safiya kaɗan ne, kamara ta daɗe ido a buɗe, shi kuma daidai lokacin ya juya kai yana dariya. Ga hula, ga kunne ɗaya, fuskar kuwa ta shafe kamar hayaƙi. Kuma Gapsu a kan ƙusoshin jirgi ya saita idon kamara, ba a kansa ba.

Ya ɗaga injin sama ya faɗaɗa fuskar. Tana girma tana watsewa, har ta zama ɗigo-ɗigo kamar an zubar da riɗi a faranti. Ya sauke, ta haɗu ta koma hayaƙi. Ya gwada takarda mai laushi, ya gwada mai ƙarfi, ya tare haske da tafin hannu, ya ƙara a wani wuri. Kwana uku yana wannan, kwandon shara ya cika da jiƙaƙƙun takardu. Abin da ba ya cikin fim ba ya cikin fim.

Rana ta huɗu ya zauna gaban kwamfuta. Ai aikinsa ne. Ya ce a ransa ba ƙarya zai yi ba, shi ma ya san mutumin, zai dai taimaka wa hoton ne ya tuna. Ya fara da ido. Ya rufe nasa idon yana neman na Chilbok, sai ya tarar shi ma hula da kunnuwa gare shi. Muryar na nan, har warin tabarsa na nan, fuskar babu. Sai ya buɗe ma'ajiyar hotunan mamatan garin. Ya ari ido a wurin wani kawun Chilbok, ya ari hanci a wurin wani da ake cewa suna kama, ya daidaita haɓa da kunnen nan ɗaya. Ya goge ɗigo-ɗigon tas, fata ta yi sumul. Ya sa masa kwat. Da ya buga, wani kyakkyawan mutum mai shekara talatin da bakwai ya dube shi daga cikin firam, mutumin kirki da gani. Da idonta ɗaya mai dishi-dishi, wa zai ce mata ba shi ba ne?

Ta dawo ana sauran kwana biyu. Ya zaunar da ita bakin taga inda haske yake, ya miƙa mata firam ɗin da madubin ƙara girma.

"Ga ɗan fim ɗinki."

Ta kai hoton dab da idon dama. Ta bi shi da madubin daga goshi zuwa haɓa, ta sake hawa. Gapsu na jin kukan tsuntsayen teku daga ƙasa, da injin ƙanƙara yana niƙa. Ya shirya ta jefe shi da firam ɗin. Ya shirya ta ce wannan wane ne.

"Haka yake ashe?" in ji ta a hankali.

Ta ɗora hoton a cinya, ta shafa gilashin da bakin hannun rigarta.

"Baban Miran, ka yafe min. Ban gane ka ba. Shekara takwas muna kwana ɗaki ɗaya, ga ka a hannuna ban gane ka ba."

Ta zaro ƙyalle daga cikin keken, ta shimfiɗa, ta fara naɗe firam ɗin. "Na gode, Gapsu. Ka yi aiki."

"Matar yaya, ajiye."

"Me?"

"Ajiye shi. Ba shi ba ne. Idon na kawunsa ne, hancin na marigayi Tak mai gyaran inji. Ni na harhaɗa. Ba ki gane shi ba don ba ki taɓa ganinsa ba, ba wanda ya taɓa ganinsa."

Ta dubi inda yake tsaye. Sannan ta ce, "Sau biyu ke nan."

"Sau biyu."

"Da ƙafata na da ƙarfi da na tashi na mare ka. Matso."

Ya matso, ya sunkuya. Ta ɗaga hannu, ta dungure masa goshi da yatsa, ba da ƙarfi ba.

"Hancin Tak! Mutumin da ko gaisuwata ba ya amsawa, shi zan zuba wa giya jibi? Kawo min na gaskiyar."

"Babu fuska a ciki."

"Na ce kawo."

Ya ɗauko cikakken hoton, babba, wanda bai datse ko'ina ba, ya shimfiɗa a kan tebur. Ta sunkuya da madubinta. Jirgin ba ta ko tsaya a kansa ba. Ta kama igiyar daga goshin jirgi ta bi ta, ta yi sama, ta wuce inda hoton zaure ya ƙare, ta ci gaba. Sai ta tsaya.

Hannun na daidai layin ƙusoshin da Gapsu ya saita ido a kai, kuma shi ne abu ɗaya a jikin Chilbok da bai motsa ba, don an ce ya riƙe. Ya fito fes. Igiya ta naɗe shi sau biyu, jijiyoyi sun tashi, fatar gaɓoɓin ta tsattsage da gishiri. Ƙaramin yatsa a karkace yake, bai kama igiyar ba.

"Ga yatsan," in ji ta. "Bel ɗin inji ne ya kama shi, shekarar da muka yi aure. Ya ƙi zuwa asibiti, ya ɗaure da tsinken cin abinci." Madubin ya matsa kaɗan. Ta ce, "Rigar nan ni na saƙa."

Bakin hannun rigar sanyin ya fito zare-zare, kowane ɗinki a zaune. Wajen wuyan hannu akwai faci da ya fi sauran duhu a hoton baƙi da farin.

"Nan ja ne. Zaren ya ƙare min, na warware hular Miran na cike. Dubi, dubi nan, na tsallake ɗaya. Na ce bari in warware in sake, ya fizge ya ce wa zai gani, kifi?"

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Gapsu ya juya ya shiga gyara kofunan da ba su buƙatar gyara. Da ya juyo ta kai madubin kan fuskar, kan hayaƙin nan.

"Me ya same shi a nan?"

"Dariya yake min. Ya ce in na gama ɗaukar tsatsa in aure ta."

"Ai kuwa ka aure ta." Ta share ido da bayan hannu. "Bai taɓa iya dariya a tsaye wuri ɗaya ba. Sai ya wurga kai kamar doki."

Ta tambaye shi da me yake yankan. Ya ɗauko mata kwalaye biyu masu kusurwa da yake gwada datsewa da su kafin ya buga, ya nuna mata yadda ake zame su. Ta karɓa. Ta ɗora ɗaya a dama, can bakin takarda, don kada ko zaren rigarsa ya fita. Ɗayan ta turo shi daga hagu. Gindin jirgin ya tafi, cikinsa ya tafi, fentin da ƙusoshin da tsatsar da ta ci gasa duk suka shige ƙarƙashin kwali. Ta tsaya inda igiya ta rage kamar kamu ɗaya.

"Nan. Jirgin ka riƙe, kai ka saba da shi."

Gapsu ya dubi abin da ya rage, siririn hoto mai tsawo, ba tsari, mutum a karkace, kai kamar gajimare. Da wani ne ya kawo masa da ya ce a jefar.

"Matar yaya, hoton tebur fuska ake sawa. Mutane za su yi magana."

"Su wa? Waɗanda suka san shi duk suna cikin kwamfutarka. Buga min haka. Kada ka goge komai, kada ka sa masa kwat. Ka fito min da zaren nan yadda ka fito da tsatsarka, yadda idona zai kama."

Ya buga a takarda mafi ƙarfi da yake da ita, baƙi ya yi baƙi, fari ya yi fari. Bai taɓa buga hoton da ya kai shi kaushi ba. Ranar tunawar da yamma, rana ba ta faɗi ba, ya sauka tudun da firam a hammata. Ya bi ta gaban zauren ƙungiya bai leƙa ba.

Gidan Malsun duk kwalaye ne a ɗaure, sai teburin kaɗai a tsakar ɗaki, da shinkafa mai tururi da cokali a tsaye a cikinta. Ta cire takardar sunan, ta jingina hoton a wurin. Ta zuba giya, Gapsu ya durƙusa ya kai goshi ƙasa sau biyu, gwiwoyinsa na ƙara. Da ya tashi ya same ta ta matsa dab da firam ɗin, idon dama kusan yana taɓa gilashi. Ta daɗe a kan hannun. Sannan ta ɗaga kai kaɗan zuwa sama, inda fuskar ya kamata ta kasance.

"Gapsu."

"Na'am, matar yaya."

"Kai ne ka tsaya gabansa ranar, da kamara a ido. Idanunsa manya ne ko ƙanana?"

Ya buɗe baki. Amsa mai daɗi na nan a kan harshensa, irin wadda ya saba ba mutane shekara arba'in. Ya haɗiye ta.

"Ban sani ba," in ji shi. "Tsatsa nake kallo."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki tsinken cin abinci ta ɗora wa Chilbok a kan kifin, ta gefen hannunsa.